Kafin sana'a ta shiga jadawalin sakandare a Kebbi: ƙofofin da takarda ke bi da inda take maƙalewa

A makarantun sakandare da yawa a Jihar Kebbi, maganar koyar da sana'a daga kaya take farawa. Ɗan majalisa ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai su kawo kekunan ɗinki ko farantan sola, a yi taro a miƙa, shugaban makaranta ya sanar cewa daga zango mai zuwa 'yan aji huɗu za su fara darasin. Sai bayan shekara biyu da rabi, lokacin rajistar jarrabawar fita, a tarar makarantar ba ta da izinin gabatar da ɗalibai a wannan darasi. Daga nan sai kame-kame: ko a sauya wa yara darasi ana saura wata uku jarrabawa, ko a roƙi wata makaranta ta ɗauke su. Yaran ne ke kwana a ciki, alhali duk wannan abu ne da ake iya kauce masa in an bi ƙofofin bi da bi, kuma an fara da wuri.

Hanya biyu ce, kowace da hukumominta, kuma cakuɗa su ne tushen rabin matsalar. Ta farko ita ce makarantar sakandare ta yau da kullum ta ƙara darasin sana'a guda a cikin darussa takwas ko tara da ɗalibi zai rubuta. A nan hukumar NERDC ce ke tsara manhaja, ma'aikatar ilimi ta jiha ce ke ba da izini, WAEC da NECO kuma su ne masu jarrabawa. Ta biyu ita ce ta kwalejin fasaha, inda yaro ke shafe shekara uku bayan ƙaramar sakandare yana koyon sana'a ɗaya gadan-gadan, kamar kanikanci, walda, aikin lantarki, gini ko kafinta. A can hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 take da hedikwata a Kaduna, ita ke fitar da manhaja da tantance kowane fanni. Jarrabawa kuma ta NABTEB ce, wadda aka kafa a 1992 take zaune a birnin Benin na Jihar Edo, ita ke ba da takardar shaidar NTC ga masu sana'o'in fasaha da NBC ga masu fannin kasuwanci. Wanda ya san kwalejin fasaha ta tarayya da ke Zuru ya san irin wannan tsari. Makarantar da ke da kekuna goma da malami ɗaya ta hanyar farko take magana, ko da shugabanta yana kiran abin da sunan sashen fasaha.

Jerin sana'o'in da aka yarda a koyar ba a tsaye yake ba, kuma wannan ya kamata kowa ya duba kafin ya rubuta ko da layi ɗaya na takardar neman izini. Manhajar babbar sakandare da aka fara aiki da ita a 2011 ta zo da sana'o'i 34, aka wajabta wa kowane ɗalibi ɗaukar guda, aka fara rubuta su a WAEC a 2014. Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk malamin sakandare. Makarantu suka yi rububin darussan da za a iya koyarwa da alli da allo kawai, irin su tallan kaya da sarrafa bayanai, ko kiwon dabbobi a makarantar da ko akuya babu. Yaro ya ci jarrabawa, hannunsa bai taɓa komai ba. A watan Satumbar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja wadda ta taƙaita sana'o'in makarantun da ba na fasaha ba zuwa shida: haɗawa da gyaran sola, zane da ɗinkin tufafi, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar salula, sai noman lambu da amfanin gona. A ganinmu wannan taƙaitawa ta yi daidai, domin shidan duka suna buƙatar hannu, kuma duka suna da kasuwa daga Jega har Kamba. Sai dai makarantar da ta ɗauko tsohon jeri ta nemi izini a kansa tana iya ɓata shekara guda a banza. A nemi manhajar da ke aiki yanzu daga ma'aikatar ilimi a Birnin Kebbi, a rubuce, a kuma tabbatar sunan darasin da za a saka a takarda ya yi daidai da yadda hukumomin jarrabawa suka rubuta shi.

Ƙofar farko: ma'aikatar ilimi ta jiha

Izinin buɗe makaranta daban, izinin koyar da sabon darasi daban. Masu makarantun kuɗi musamman sukan ɗauka takardar amincewar da ke rataye a ofishinsu ta rufe komai. Wannan takarda ta shafi matakin karatu da darussan da aka duba lokacin da aka ba da ita. Sabon darasin da ke buƙatar ɗakin aiki sai an sake nema an sake dubawa.

Makarantar gwamnati takan rubuta ta hannun ofishin ilimi na shiyya zuwa hukumar da ke kula da ita, daga nan zuwa ga babban sakataren ma'aikata. Mai makarantar kuɗi kan rubuta wa ma'aikatar, ya haɗa da takardar rajistar makaranta da ta amincewar da yake da ita. Tsallake ofishin shiyya don a yi sauri yakan jawo a dawo da fayil baya. A kowane tebur a karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata, domin fayil yana ɓacewa, kuma wannan kwafi ne kaɗai hujjar cewa an kai.

Abin da ke cikin fayil ɗin shi ke nuna ko makaranta da gaske take. Ana son a ga sunan darasi da dalilin zaɓensa, yawan ɗaliban da za su ɗauka a shekarar farko, sunayen malamai da kwafin takardunsu, zanen ɗakin aiki da awonsa, jerin kayan aiki ɗaya bayan ɗaya da adadinsu, jadawalin da ya nuna lokacin aikin hannu, da kasafin kayan da ke ƙarewa tare da bayanin inda kuɗin zai fito. A haɗa da bayanin taron kwamitin kula da makaranta ko na iyayen yara inda aka amince da shirin. Sashen dalili ne mutane suka fi yi wa rubutun sama-sama, su cika shi da maganar rashin aikin yi da dogaro da kai, wadda jami'in ya karanta sau ɗari. Abin da ke shiga kunne shi ne na gida. Makarantar da ke Aliero ko kusa da fadamun Argungu ta ce noman lambu take so, ta nuna tana da fili da ruwa, ga albasa da shinkafa a ƙofar gida. Wadda ke Yauri ko Zuru ta kawo hujjar kiwo. Wadda ke cikin Birnin Kebbi ta ƙirga shagunan sola da na gyaran waya da suka yarda su karɓi ɗalibanta lokacin hutu, ta saka wasiƙun masu shagunan a fayil.

Malami kafin inji

In da za a ce mu zaɓi abu ɗaya da ya fi kashe waɗannan shirye-shirye, malami ne. Ƙasar nan ta taɓa ganin haka da girma. Lokacin da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an yi odar injunan koyar da fasaha daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Da yawa suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗaki, babu wanda ya iya kunna su. Har yau akwai tsofaffin makarantun da za a buɗe sito a ga ragowarsu.

Masu dubawa abu biyu suke nema a wurin malami: takardar koyarwa da iya aikin. Mafi ƙarancin takardar koyarwa a Nijeriya ita ce NCE, tare da rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN. Mai HND ko digiri a fannin injiniya wanda bai karanta koyarwa ba ana son ya ƙara da difloma ta ilimi. Wuraren samo irin waɗannan mutane ba su da nisa: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ta jiha da ke Dakingari, Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da jami'ar aikin gona ta tarayya a Zuru. Makarantun 'yan mata kuma su dubi Kwalejin Ilimi ta Fasaha ta tarayya da ke Gusau, wadda mata take horarwa, domin iyaye da yawa sun fi sakin jiki in mace ce ke koya wa 'ya'yansu mata aikin hannu.

Matsalar ita ce sau da yawa mai takarda bai taɓa haɗa inbata da hannunsa ba, wanda ya iya kuma ba shi da takarda. Maganin da ya fi aiki shi ne a haɗa su biyu. Malami mai takarda ya riƙe darasi da tsarin aiki na zango da maki, gwanin sana'a daga gari ya riƙa shigowa ranar aikin hannu a matsayin mai koyar da aiki, da yarjejeniya a rubuce da alawus da aka san inda zai fito. In gwanin yana da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ke da mataki na uku da na biyu da na ɗaya, a saka kwafinta a fayil, tana da nauyi. Abin da ba ya wucewa shi ne a rubuta sunan mai hidimar ƙasa a matsayin babban malamin darasi. Shekara ɗaya zai yi ya tafi, darasin kuwa na shekara uku ne, kuma masu dubawa sun san haka. Haka nan malamin lissafi ko na fiziks da aka ɗora wa sola don kawai shi ne ya fi kusa da fannin, ba tare da an tura shi horo ba.

Lissafin ɗakin aiki

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce a kwalejojin fasaha malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 20 a lokacin aikin hannu. Wannan ma'auni ne mai kyau ga kowace makaranta. Ajin da ke da yara 40 sai a raba shi biyu, wanda ke da 80 a raba huɗu, kuma jadawali ya nuna inda sauran rukunan suke a lokacin da ɗaya ke ɗakin aiki. Jadawalin da bai nuna haka ba alama ce ta cewa duk ajin za a tura ɗaki ɗaya su tsaya kallo.

A ɗauki darasin ɗinki a yi lissafi. Aji mai yara 40, kekuna huɗu, darasi biyu a haɗe na minti 80. A cire minti 20 na shiga da saka zare da bayani da share ɗaki, saura 60. Yara goma a kan kowane keke, kowa ya samu minti shida a mako. In an samu mako goma na karatu a zango, awa ɗaya ke nan yarinya ta zauna kan keke a zango guda. Ba a zama tela da haka. In kekunan goma ne kuma rukunin yara 20, biyu a kan kowane keke, kowa na samun rabin awa a mako, ninki biyar na farko. Shi ya sa shawararmu ga makarantar da kayanta kaɗan ne ita ce ta nemi izini a kan adadin ɗaliban da kayan za su iya ɗauka, ta ƙara a hankali. Fayil ɗin da ya ce yara 25 da kekuna 12 ya fi wanda ya ce yara 150 da kekuna 12 saurin samun sa hannu. Kuma keke mai feda ya fi na lantarki amfani ga mai koyo a inda wuta ba ta tsayawa. Bayan kekuna ana buƙatar babban teburin yanka, almakasai, tef na awo, allin tela, dutsen guga da teburinsa, madubi mai tsawo, da kabad mai makulli.

Darasin sola ya fi kowanne farin jini yanzu, kuma shi ya fi saurin cin kaya. Rukunin yara 20 ana raba su huɗu-huɗu, wato wuraren aiki biyar. Kowane wuri yana son faranti ɗaya, na'urar daidaita caji, batir, ƙaramar inbata, mitar awon wuta, fis da abin katse wuta, wayoyi masu kauri daban-daban, kwan fitila da soket a kan allon katako, da filaya da sukurdireba masu rufin roba. Farantan da ke kan rufin ofishin shugaban makaranta suna ba da wuta ba kayan koyo ba ne, domin babu mai barin yaro ya kwance su. Ana son waɗanda za a kwance a ɗaura sau ɗari. A tanadi wani ɗan dakali ko ƙarfe a tsakar makaranta inda yara za su koyi kafa faranti yana fuskantar kudu da ɗan karkata kimanin digiri 12 zuwa 15, daidai da inda Kebbi take a doron ƙasa. Akwai kuskuren da kusan kowane sabon ɗalibi ke yi: ya haɗa faranti da na'urar caji kafin ya haɗa batir, ko ya juya jar waya da baƙa. Ƙa'ida ita ce batir farko, faranti daga baya. Kafin wannan ya zauna a kan yara, sai an ƙona fis da dama, wani lokaci har na'urar kanta. Makarantar da ba ta saka na'urar caji ta ajiya da kwalin fis a kasafinta ba, darasinta na iya tsayawa a mako na uku.

Yanayin wurinmu ma yana da nasa hukunci. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, batirin da aka ajiye a ɗakin kwano marar silin da taga yakan mutu da wuri. Ƙurar hunturu tana shiga cikin keken ɗinki ta cinye mai, ta rufe faranti ta rage wutarsa. Ɗakin aiki yana son tagogi a ɓangare biyu, ƙofa mai buɗewa waje, wayarin da aka yi wa waya ta ƙasa, abin kashe gobara da ba a bar wa'adinsa ya wuce ba, bokitin yashi, akwatin agajin gaggawa mai kaya a ciki, da dokokin ɗaki a manne a bango. In an rubuta dokokin da Hausa a gefen Turanci ya fi, yara sun fi kiyaye abin da suka fahimta.

Kiwo da noman lambu kuwa ruwa ne ke yanke musu hukunci. Makarantar da rijiyar burtsatsenta ke ƙafewa ko famfonta ke lalacewa da rani kada ta nemi noman lambu sai ta gyara wannan. A kiwon kaji, kajin nama suna isa sayarwa cikin mako shida zuwa takwas, saboda haka suna shiga cikin zango ɗaya daidai, yara su gani tun daga 'yan tsaki, da rigakafin Gumboro da na Lasota, har zuwa kasuwa. Tumaki da awaki ko kajin ƙwai suna ƙetare hutu, kuma tambayar da mai dubawa zai yi ita ce wa ke ba su abinci in an tashi makaranta. A yankunan da matsalar tsaro kan sa a rufe makarantu ba shiri, wannan tambaya tana da nauyi sosai. A irin wuraren nan ya fi a zaɓi aikin da ke ƙarewa cikin zango, a kuma tanadi inda za a kwashe kayan aiki masu tsada in an rufe.

Kuɗin kayan da ke ƙarewa shi ne ramin da ba a gani sai an faɗa. Mai ba da kyauta yana son sayen inji, domin ana ganinsa. Yadi, zare, allura, man keke, dalma ta haɗa waya, iri, taki, abincin kaji, babu mai kawo su kyauta duk zango. A ƙirga abin da ɗalibi ɗaya zai ci a zango, a ninka da yawan ɗalibai, a rubuta wa zai biya. A makarantar gwamnati ba a saka wa iyaye kuɗi sai da izinin ma'aikata, kuma shugaban da ya yi gaban kansa yana iya jawo wa shirin da kansa matsala. Inda aka yarda a sayar da abin da yara suka yi, kamar kayan makaranta da aka ɗinka ko kajin da aka kiwata, a buɗe littafin shiga da fita tun ranar farko, kwamitin makaranta ya riƙa dubawa.

Ranar dubawa

Jami'an sashen tabbatar da ingancin ilimi su ne ke zuwa. Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu, ta aro kaya daga kasuwa ko wata makaranta a jera kwana ɗaya a mayar. Gogaggen jami'i yana ganewa. Zai duba ko an buga wa kayan sunan makaranta da lamba, ya kwatanta da littafin sito da rasit, ya dubi ƙasa ya ga ko keken ya bar shatin ƙafafunsa a inda yake tsaye. Zai ce malami ya saka zare ya ɗinka layi ɗaya, ko ya auna ƙarfin batir a gabansa. In ma dabarar ta wuce, yaran da aka yi wa rajista a darasin da babu kayansa su ne za su shiga jarrabawar aikin hannu hannu rabbana.

Sau da yawa sakamakon ziyarar farko amincewa ce ta wucin gadi tare da jerin gyare-gyare da wa'adi. Wannan ba faɗuwa ba ce. A yi gyaran, a rubuta wa ma'aikata da hotuna da rasit, a nemi su dawo. Kada a tsaya a kan maganar baki cewa an amince, ko daga bakin wa ta fito. Takarda mai lamba da kwanan wata da sunan darasi ita ce za a nuna a ƙofa ta gaba.

Ƙofar ta gaba ita ce ta masu jarrabawa. WAEC da NECO kowace tana da nata dubawar da nata kuɗin, amincewar ɗaya ba ta wadatar wa ɗaya. Makarantar da tuni take cibiyar jarrabawa takan nemi a ƙara mata darasi ta ofishin hukumar da ke jiha, ta haɗa da takardar ma'aikata. Dalilin da ya sa dole a gama wannan tun yara na aji huɗu shi ne makin gwaje-gwajen cikin aji, wanda malamai ke kira si'e. Ana tara shi tun daga aji huɗu har aji shida a tura wa hukumar, kuma yana cikin sakamakon ƙarshe. Darasin da aka cusa a aji shida ba shi da makin shekaru biyun baya, daga nan ake fara ƙirƙirar maki. Kafin jarrabawar aikin hannu kuma hukumar kan aiko da jerin kayan da makaranta za ta tanada, saboda haka a ware kuɗinsu tun farkon shekara. A ajiye ayyukan yara, kowanne da sunan mai shi da kwanan wata, tare da littafin da ke nuna abin da aka yi a ɗakin aiki kowane mako.

Ga mai neman hanyar kwalejin fasaha

Wannan ta fi tsawo da tsada, kuma galibi gwamnati ce ko babban mai zuba jari ke iya ɗaukarta. Bayan izinin jiha, ana rubuta wa NBTE a cike takardun bayanin kai, inda kwaleji ke faɗin abin da take da shi a kowane fanni: malamai, masu kula da ɗakin aiki, injuna, ɗakin zanen fasaha, ɗakunan gwajin kimiyya, laburare, wuta da ruwa. Sai hukumar ta turo tawagar masana su kwatanta abin da aka rubuta da abin da ke ƙasa, bisa jerin kayan da ke cikin manhajar fannin. Fanni-fanni ake tantancewa. Ana iya amincewa da gini da kafinta a ƙi walda a kwaleji ɗaya a rana ɗaya. Sakamako kan zo cikakke, ko na wucin gadi, ko a ƙi, kuma cikakken ma yana da wa'adi, in ya cika a sake zuwa. Daga nan NABTEB ta duba kwalejin a matsayin cibiyar jarrabawa. Ɗalibi yana rubuta darussan sana'arsa tare da Turanci da lissafi da kimiyya da zanen fasaha, shi ya sa takardar NTC ke shigar da mutum babbar makaranta kamar sauran takardun kammala sakandare. Iyaye da yawa ba su san haka ba, suna ganin kwalejin fasaha wurin wanda ya kasa ne, ya kamata a riƙa faɗa musu tun yaro na aji uku.

A fannoni masu nauyi wuta ce ke kayar da kwalejoji. Injin walda da injin sassaƙa ƙarfe da na yanka katako ba sa tashi da ƙaramin janareta, wasunsu ma layin wuta mai waya uku suke so. Tawaga za ta ce a kunna, in an ce yau babu mai, sai su rubuta cewa injin ba ya aiki. Kwalejin da ke farawa gara ta nemi fanni biyu da za ta iya riƙewa da kyau, ta ƙara na uku in ƙafarta ta tsaya.

Lokaci kuwa daga baya ake ƙirga shi. Shekarar karatu a Satumba take farawa, kasafin kuɗin jiha kuma daga Janairu zuwa Disamba yake tafiya, ana haɗa shi a watannin ƙarshen shekarar da ta gabata. Makarantar gwamnatin da ke son fara darasi a Satumba mai zuwa, kuma tana buƙatar a gina mata ɗaki ko a turo mata malami, dole buƙatarta ta isa ma'aikata tun tsakiyar shekarar da ta gabace ta, kafin a rufe kasafi. Wata 12 zuwa 15 shi ne lissafin da ba ya ba da kunya: watannin farko na zaɓen darasi da neman malami da haɗa fayil, na tsakiya na gyaran ɗaki da sayen kaya, na ƙarshe na dubawa da gyara abin da aka ce a gyara. A guji saka ranar dubawa tsakanin Mayu da Yuli, lokacin da jami'ai da malamai duk suna kan jarrabawa.

Bayan an samu izini, abin da ya fi rusa shiri shi ne sauyin wurin aiki. Takarda ɗaya daga hedikwata ta ɗauke malamin sola ta kai shi wata shiyya, a kulle ɗaki, makulli ya koma aljihun mai sito. Saboda haka tun a takardar neman izini a roƙi ma'aikata kada ta ɗauke malamin sai ta turo madadinsa, a kuma sa malami na biyu ya riƙa shiga ɗakin aiki tare da shi tun zangon farko. Duk ƙarshen zango mutum biyu su ƙirga kaya su sa hannu a littafin sito, a rubuta abin da ya lalace da abin da ya ɓace, a tura kwafi ofishin shiyya. Wannan littafi shi za a fara tambaya ranar da aka dawo sabunta izini.